Jaruma Mai Imani a Ƙagaggun Labaran Soyayya: Adabin Kiristocin Amurka, Littattafan Hausa da Gadon Wurno

Tsakure

A rubu'in ƙarshe na ƙarni na 20, Kiristoci 'yan bishara a Amurka da Kanada sun raya wani nau'in ƙagaggen labari wanda ya haɗa soyayya da fargaba da rikicin iyali, tauraruwarsa kuma mace ce mai ƙarfin hali da riƙon addini. A daidai wannan lokaci mata Musulmi a ƙasar Hausa suka fara rubuta makamancinsa ta tasu hanya. Wannan maƙala ta bi tarihin ɓangarorin biyu. Ta tsaya a Wusasa, inda wani Bahaushe Kirista ya sa hannu a labarin soyayya da ramuwar gayya na farko cikin rubutun boko, sannan ta koma Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka rubuta tarihin mata salihai domin karantar da mata. Maƙalar ta nuna cewa siffar mace mai tsayawa da ƙafarta a cikin iyakokin addini tana da asali a wannan ƙasa, kuma malamai suna da ma'aunin da za su auna waɗannan littattafai da shi.

1.0 Gabatarwa

Fiye da shekaru talatin ke nan ana muhawara a Arewacin Nijeriya kan littattafan soyayya na Hausa. Wasu na ganin su a matsayin ɓata tarbiyya da aka shigo da ita daga finafinan Indiya da littattafan Turawa. Wasu kuma na ganin su a matsayin madubi da ke nuna wa al'umma abin da ke faruwa a cikin ɗakunanta. Abin da ba a cika kawowa cikin muhawarar ba shi ne, wata al'umma mai riƙon addini ta fuskanci irin wannan tambaya a kusan lokaci guda, ta kuma amsa ta da wata hanya dabam. Kiristocin Amurka sun tarar 'ya'yansu mata suna karanta labaran soyayya da ba su yi daidai da koyarwar majami'a ba, sai suka gina nasu adabin, da maɗaba'unsa da shagunansa da ƙa'idojinsa.

Dalilin duba wannan tarihi a mujallar nazarin addini a fili yake. Littattafan nan, na can da na nan, suna koya wa mai karatu abin da aure yake nufi, da iyakar biyayya ga iyaye, da abin da mace za ta yi idan an zalunce ta. Waɗannan kuwa mas'aloli ne na fiƙihu da tarbiyya kafin su zama na adabi. Maƙalar ta ɗauki gabashin Sakkwato, wato Wurno da Rabah da Goronyo, a matsayin wurin da za a tsaya a hango batun, domin a nan ne aka aza wani tubali mai muhimmanci na rubutu a kan mata da kuma domin mata.

2.0 Yadda Nau'in Ya Samu a Amurka

Ƙungiyoyin Furotesta masu tsantseni sun daɗe suna ɗari-ɗari da ƙagaggen labari, suna ɗaukarsa ƙarya da ɓata lokaci. Daga cikin waɗanda suka sassauta wannan ra'ayi akwai Grace Livingston Hill (1865–1947), wadda ta rubuta littattafai sama da ɗari. Yawancinsu labarin budurwa ce mai imani da ta shiga ƙunci, ta riƙe mutuncinta, daga ƙarshe ta sami miji nagari. A 1950 masu sayar da littattafan Kirista suka kafa ƙungiyarsu, abin da ya samar da kasuwa ta musamman wadda iyaye suka amince da abin da ke cikinta.

Masana wannan adabi sukan ɗauki shekarar 1979 a matsayin mafarin zamaninsa na yanzu. A shekarar ce maɗaba'ar Bethany House ta buga Love Comes Softly na Janette Oke, 'yar ƙasar Kanada. Labarin wata matashiya ce da mijinta ya rasu suna kan hanyar ƙaura zuwa yammacin Amurka, ga ta da juna biyu, ba dangi ba matsuguni. Larura ta sa ta auri wani manomi da matarsa ta rasu ta bar masa ƙaramar yarinya, ƙauna da imani kuma suka shigo a hankali bayan ɗaurin aure. A 1991 Francine Rivers ta fitar da Redeeming Love, inda ta ɗauko ƙissar Hosiya daga Tsohon Alkawari ta mayar da ita zamanin haƙar zinariya a Kalifoniya, tauraruwar kuwa mace ce da aka sayar da ita ga karuwanci tun tana ƙarama.

Daga nan aka ƙara wa soyayya fargaba: kisan kai, garkuwa da mutane, binciken 'yan sanda, da wani sirrin iyali da aka binne ya taso. A farkon shekarun 2000 Dee Henderson ta yi suna da jerin littattafai a kan wasu marayu bakwai da suka haɗu a gidan marayu, suka ɗauki junansu 'yan'uwa, suka zaɓi sunan dangi ɗaya, O'Malley. Ɗaya daga cikin matan jami'ar 'yan sanda ce mai sasantawa da masu garkuwa da mutane, wata likitar binciken gawa ce, wata likitar yara. Kamfanin Harlequin, wanda ya shahara da labaran soyayya na gama-gari, ya ga kasuwar ta buɗe, sai ya kafa reshen labaran Kirista a 1997, ya ƙara reshen soyayya da fargaba a 2005. A shekarar 2000 aka fara ba da lambar yabo ta Christy ga fitattun littattafan wannan fanni.

Abu uku ne suka tsare wannan adabi a cikin shingensa. Na farko, ƙa'idar maɗaba'a: ba a siffanta saduwa, ba ashar, kuma taurarin ba sa kwana ɗaki ɗaya kafin aure. Na biyu, dole imani ya zama wani zare a cikin saƙar labarin, ta yadda tauraruwa za ta fito daga shakka ko fushi da Ubangiji zuwa miƙa wuya. Na uku, akwai editoci da shaguna da masu sharhi daga cikin al'ummar addinin kanta, waɗanda ke karanta littafin kafin ya isa hannun budurwa.

3.0 Wusasa da Jiki Magayi

A ƙasar Hausa, hannun Kirista ya taɓa labarin soyayya tun ranar da aka haifi ƙagaggen labari na boko. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, Turawan mulki sun yi alkawarin ba za su tsoma baki cikin addinin jama'a ba, saboda haka suka taƙaita ayyukan mishan a cikin masarautu. Zariya ce ta fita daban, domin Dokta Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna a cikin birninta tun farkon ƙarnin, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. A can aka sami ƙaramar al'umma ta Hausawa da Fulani Kiristoci masu zurfin karatun boko. A 1932 aka buga cikakkiyar fassarar Baibul cikin Hausa, kuma ƙarfin ɗab'in Kirista cikin wannan harshe ya tafi ne ga irin wannan aiki: fassara, waƙoƙin ibada da littattafan koyarwa.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida Wusasa tare da East. Huɗu daga ciki sun shafi yawon duniya da yaƙi da bauta da sata. Jiki Magayi ne kaɗai ya ginu a kan soyayya. Abubakar da Zainab suna son juna, sai attajiri Malam Shehu, wanda ba shi da ɗa, ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya bazama neman asirin ramuwa, asirin kuma ya faɗa kan ɗan da Zainab ta haifa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har ya kashe mahaifinsa bai sani ba.

Duk kayan haɗin nau'in suna cikin wannan ɗan littafi: ƙauna, kuɗi, rikicin gida, fargaba, da sakamakon zalunci. Abu biyu ne suka rage. Ko da yake ɗaya daga cikin marubutan Bahaushe ne Kirista, labarin bai yi wa'azin Kiristanci ba. Mutanensa Musulmi ne, duniyarsa ta malamai da bokaye ce, darasinsa kuma irin wanda kowane Bahaushe ya sani ne, cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. Haka nan Zainab ba jaruma ba ce. Ita ce abin da maza biyu ke jayayya a kansa, kuma bala'in ya sauka a kan ɗanta ba tare da an ji ta bakinta sosai ba.

Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka duba waɗanda aka rubuta wa littafin. A 1934 ne aka naɗa Ahmadu Bello hakimin Rabah, garin da aka haife shi, bayan ya kammala Kwalejin Katsina ya koyar a Midil ta Sakkwato. Irinsa ne masu karatun boko na lokacin: samari 'yan makaranta, malamai da ma'aikatan En'e. Makarantun boko na 'yan mata a lokacin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Matan Rabah da Wurno da Goronyo suna da nasu karatun, amma a allo yake da ajami da waƙa.

4.0 Lokacin da Mata Suka Ɗauki Alƙalami

Sai da aka yi kusan rabin ƙarni kafin mace ta rubuta nata labarin. Yaƙi da jahilci na shekarun 1950 da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 sun samar da dubban mata masu karanta Hausar boko. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin NNPC na Zariya ya shirya gasa, kuma daga cikinta aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid a 1980. Marubuciyar haifaffiyar Kano ce da ta yi zaman aure a Gusau, wadda a lokacin take cikin Jihar Sakkwato. Tauraruwarta, Boɗaɗo, Bafulatana ce da ta tsaya kan auren Yasir duk da ƙin da dangi suka yi saboda bambancin asali, ta kuma yi fama da aljanar da ke son raba ta da shi. A nan aka fara jin budurwa tana kafa wa manyanta hujja da bakinta.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya durƙusar da manyan maɗaba'u, sai marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗinsu suna kaiwa kasuwa. Daga Kano 'yan kasuwa ke rarraba su zuwa Sakkwato da Gusau da Katsina har Maraɗi, shagunan haya kuma suka sa littafi ɗaya ya ratsa hannaye da yawa. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fitar da Allura Cikin Ruwa. Wadda ta fi kowa kai mace tsakiyar rikicin iyali ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama.

A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, an cire Abu daga makaranta, ɗan'uwanta da aka yi musu baiko ya ƙi ta saboda ba ta da ilimi, mahaifinta kuma ya aurar da ita ga tsoho, Sarkin Noma. Ta gudu Kano wurin 'yar'uwar mahaifinta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kuykuyo Ne, wanda shi ma ya fito a 1990, Alhaji Abdu ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya. Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe 'ya'yanta har ta aurar da Saudatu gidan mutunci. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji, sai dangi suka taru suka matsa mata ta koma. Marubuciyar ba ta rufe labarin da shagali ba. Ta bar mai karatu da tambayar ko an yi wa Rabi adalci. A 2012 wata maɗaba'a a Indiya ta buga fassarar littafin cikin Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi.

5.0 Gadon Wurno

Masu suka sun ce wannan mace mai magana baƙuwa ce. Gaskiya ne finafinan Indiya sun yi tasiri a kan zubin soyayyar, kamar yadda Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu suka nuna. Sai dai tambayar da Abu da Rabi suke yi, wato mene ne haƙƙin mace a wurin uba da miji, ta girmi sinima a wannan ƙasa da fiye da ƙarni guda.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya zargi malaman zamaninsa a Nurul Albab da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci alhali suna karantar da ɗalibai a waje, ya kuma gargaɗi mata game da masu yi musu wa'azin biyayya ga miji ba tare da biyayya ga Allah da Manzonsa ba. Da wani malami, Mustafa Goni, ya soki halartar mata wurin wa'azinsa, Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba shi amsa, kamar yadda ya zo a Tazyinul Waraƙat: barin mata cikin jahilci ya fi haɗari.

Wurno ce ta ga yadda wannan ra'ayi ya zama tsari. Muhammadu Bello ya gina ta a matsayin ribaɗi a bakin gulbin Rima domin tsare iyaka daga Gobirawa, ya zauna a cikinta a ƙarshen rayuwarsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Garuruwan wannan kwari, har zuwa Goronyo da abin da ke gabanta, sun cika da jama'a iri-iri bayan yaƙe-yaƙe, ciki har da mata da yawa da suka tashi cikin al'adar bori. A shekarunsa na ƙarshe Bello ya wallafa Kitabun Nasiha, inda ya tattara labaran mata salihai, yana ɗebowa daga Sifatus Safwa na Ibnul Jauzi. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u (1793–1864), matar wazirinsa Giɗaɗo ɗan Laima, ta mayar da aikin waƙa da Fulatanci, sannan da Hausa a 1837, da sunan Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. Ta ambaci iyayen muminai da 'ya'yan Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, ta kuma ƙara da matan zamaninta da ta sani, malamai da masu hidima ga jama'a.

Domin waƙoƙin su isa ƙauye, Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin karatu, su haddace, su koma su karantar da matan aure a gidajensu. Jean Boyd, wadda ta yi shekaru tana bincike a Sakkwato, ta lura cewa malfar alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori, Asma'u kuma ta ɗauke ta ta ba ta sabuwar ma'ana. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam, wadda ta yi aure da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta ci gaba da jagorancin.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya shafi hanya. Bello da Asma'u sun ga mata suna da abin da ya riƙe zukatansu, sai suka ba su abin da ya fi shi, cikin harshensu, da siffar da suke so, ta hannun mata 'yan'uwansu. Kuma abin da suka ba su labaran mata ne masu ilimi da juriya da faɗin gaskiya. Ba silsilar karatu ce ta haɗa marubutan Kano da zauren Asma'u ba. Abin da ya haɗa su shi ne yaƙinin cewa mace takan koyi addini da rayuwa daga labarin wata mace.

6.0 Inda Adabin Biyu Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Kamancin a bayyane yake. Duka biyun mata ne suka fi rubuta su, mata ne suka fi karanta su. Duka biyun suna ɗaukar aure a matsayin makomar soyayya ta halal, suna kuma sa tauraruwa ta yi addu'a a lokacin tsanani. A duka biyun, gida ne filin daga.

Bambancin kuwa daga aƙida yake tasowa. A labarin Kirista, babban ƙulli yana cikin zuciyar tauraruwa: ta yi nisa da Ubangiji, kuma warwarar labarin ita ce ta karɓi ceto bisa aƙidar fansa, ta yafe wa wanda ya cuce ta. A labarin Hausa, imanin tauraruwa ba shi ne abin tambaya ba. Musulma ce daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Ƙullin yana waje, a wurin waɗanda suka tauye mata haƙƙin da Shari'a ta ba ta, warwarar kuma ita ce bayyanar gaskiya da saukar alhaki a kan azzalumi. Saboda haka kalmomin da ke juya labarin Hausa su ne haƙuri, haƙƙi, amana da alhaki. Haka kuma tushen fargaba ya bambanta. A can ɗan bindiga ne ko mai kisan ɓoye. A nan kishiya ce, ko uwar miji, ko boka, ko ranar ɗaurin auren dole da ke matsowa.

A nan ne ɗalibin fiƙihu zai ga cewa jigogin littattafan Hausa babuka ne da ya karanta. Mazhabar Malikiyya ta ba uba ikon tilasta wa 'yarsa budurwa aure, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, amma malamai sun ɗaure wannan iko da maslahar yarinyar da rashin cutarwa. Mazhabar ta ba mace damar neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa, ta ba uwa renon 'ya'ya bayan rabuwa, ta kuma ɗora ciyar da su a kan uba. Abin da Alhaji Abdu ya yi wa Rabi saɓa wa waɗannan hukunce-hukunce ne ƙarara. A Sunna kuma akwai Khansa'u bint Khizam, wadda mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya warware auren. Akwai Barira, wadda ta ƙi komawa ga Mugis bayan ta tabbatar cewa maganar Annabi ceto ce ba umarni ba. Akwai matar Sabit bin Ƙais da ta nemi khul'i aka ba ta. Akwai Khaula bint Sa'alaba, wadda kukanta game da mijinta ya zama sanadin saukar farkon Suratul Mujadala. Mace mai kai ƙara da neman haƙƙinta tana cikin littattafan hadisi tun kafin a san wani abu wai shi ƙagaggen labari.

Wannan ba ya wanke kowane littafi. A cikin dubban da aka buga akwai masu siffanta abin da kunya ta hana, da masu ɗaukaka dukiya da ƙawa, da masu nuna asiri yana aiki kamar ba a san tauhidi ba. Ma'aunin da ya tabbatar wa Rabi haƙƙinta shi ne kuma zai kama waɗannan.

7.0 Martanin Masana da Hukuma

A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi, wanda ya koyar a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ya kira wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da na kasuwar Onica, yana kuma ganin ba zai daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare shi a shafukan jaridu, muhawarar ta ɗauki shekaru. Bayan dawo da aiki da Shari'a a jihohin Arewa daga shekarar 2000, Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001. A 2007 aka ƙona wasu littattafan a bainar jama'a a Kano, daga baya kuma hukumar ta nemi marubuta su yi rajista su miƙa rubutunsu kafin bugawa.

Idan aka jera wannan da abin da ya faru a Amurka, za a ga inda hanyoyin suka rabu. A can masu addini sun shiga cikin sana'ar, suka zama editoci da masu maɗaba'a da alƙalan gasa. A nan galibin hulɗar malamai da wannan adabi ta tsaya ga huɗuba da hani, marubuciya kuma ta rasa malamin da zai duba mata mas'alar idda ko gado ko reno kafin ta kai wa mai buga littafi. Tacewar ma ba ta daɗe tana tasiri ba, domin rubutun ya bar takarda ya koma waya. A yau ana rubuta labaran a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ana karanta su da murya a YouTube, inda babu edita babu hukuma. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla ta nuna yawan masu alƙalamin da kuma nauyin abin da suke ɗauke da shi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa labarin soyayya da fargaba mai jaruma mai imani ya tsiro a wurare biyu daga buƙata iri ɗaya, kowanne da aƙidarsa. A ƙasar Hausa, John Tafida na Wusasa ya sa hannu a tubalin farko, matan shekarun 1980 suka ba tauraruwar murya, ma'aunin da za a auna ta da shi kuwa yana cikin fiƙihun Malikiyya da Sunna da abin da aka rubuta a zamanin Wurno.

Batun ya fi nauyi a gabashin Sakkwato a yau. Harin da aka kai Tabanni ta ƙaramar hukumar Rabah a watan Yuli na 2018 ya tura jama'a gudun hijira zuwa Gandi, harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba na 2021 kuma ya bar gidaje da yawa a hannun zawarawa. Fargabar da marubutan Amurka ke ƙagowa, matan wannan yanki suna kwana da ita. Mace da aka kashe mijinta, ko aka sace ta aka sako, tana da tambayoyi game da idda da nasaba da gado da mutuncinta a idon dangi, kuma labari na daga cikin hanyoyin da amsa ke isa gare ta.

Saboda haka ya dace sassan nazarin addinin Musulunci da na harsunan Nijeriya su haɗa hannu wajen nazarin waɗannan littattafai, na takarda da na waya, a matsayin shaidar yadda jama'a suka fahimci hukunce-hukuncen iyali. Ya dace a samu malamai, musamman mata, da marubuta za su riƙa tuntuɓa kan mas'alolin da suke saƙawa cikin labari. Ya kuma dace makarantun Islamiyya na mata a Wurno da Rabah da Goronyo su mayar da ayyukan Nana Asma'u cikin manhajarsu, su ƙarfafa ɗalibansu su rubuta labaran da suka gani da idonsu. Allah shi ne mafi sani.